Gorar Baba Mudi

Da an idar da sallar asuba, gari ya fara haske, Baba Mudi zai fito da kekensa daga zaure, ya matsa tayoyin da babban yatsa, ya ɗaure diga da shebur a jikin ƙarfen, sannan ya gitta wata doguwar gora a kan kariya. Gorar kamu biyar ce cif, ta sha hannu har ta yi sulɓi. Baƙo zai ɗauka kaɗar mangwaro za shi. Mutanen Gidan Kanya, ƙauyen da ke bayan Maska, sun san duba hanya za shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, ba albashi, ba kuma wanda ya sa shi.

Hanyar ba wata babba ba ce. 'Yar burji ce ta keke da ƙafa. Tana fita ta bayan masallacin ƙauyen, ta ratsa gonakin masara da dawa, ta hau tudun marmara inda tsakuwa ke ƙara a ƙarƙashin taya, ta shige kurmin ɗorawa da kaɗanya mai inuwa ko da rana tsaka, ta gangara ta bi bakin rafi har ta faɗa titin Funtua. Mai keke yakan gama ta cikin rabin sa'a. In babu ita sai zagaye, tafiyar da ta ninka wannan sau uku. Ta nan tumatir da tattasai ke fita, ta nan taki ke shigowa, ta nan malaman firamare ke zuwa aiki.

Ruwa yana cin irin wannan hanya, amma bai kai mu ci ba. Mu manoma mun san halinmu. In lokacin huɗa ya zo, mutum ya kai bakin gona da garma, sai ya ga ai ƙasar hanyar nan a banza take kwance, ya ɗan tura kunya ɗaya. Maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya gani, shi ma ya tura tasa. Baɗi a ƙara. Haka hanyoyi da yawa suka mutu a ƙasar nan, kuma ko alƙali ba zai iya nuna wanda ya kashe su ba.

Amfanin gorar ke nan. Tsawonta daidai yake da damin dawa a kwance a bayan keke. Baba Mudi yakan ce, "Hanyar da dami ba ya wucewa ba hanya ba ce, turbar kurege ce." Yana tafe a hankali gorar na gitte, duk inda bakinta ya taɓi shuka sai ya ja birki. Ba ya tuge wa kowa amfani. Gidan mai gonar zai je, ya yi sallama, a gaisa, a tambayi iyali, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Gora ta gaishe da gonarka yau." Mafi yawa sukan yi dariya su je su gyara. Wanda ya yi kunnen ƙashi, gobe ma zai ga Baba Mudi a ƙofar gidansa da irin wannan gaisuwa, jibi ma haka.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi, wato Ɗanasabe, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, mai gonar da ke gindin tudu. Kowace damina sai ya ci hanya, kowace damina sai sun yi.

"Ɗanasabe, kai da hanyar nan wa zai gaji wani?"

"Kai dai sarkin hanya marar rawani, wa ya naɗa ka? Kunya ɗaya ce fa."

"Bara ma ɗaya ce."

Daga nan Ɗanasabe zai kama gunaguni, ya tsaya yana kallo Baba Mudi ya baje kunyar da shebur kafin a yi shuka. Da yamma kuma a gan su kan tabarma ɗaya suna cin goro.

Akwai abin da duk ƙauyen ya shaida. Wata shekara rafi ya cika ya zaftare gaɓa, ya tafi da hanyar wajen taku arba'in. Ba inda za a karkata ta sai cikin fadamar Baba Mudi, inda yake noman shinkafa. Matarsa Kulu ta ce, "Malam, nan ne fa ke ba mu shinkafar sallah." Ya ce, "Na sani, Kulu. Amma da wane baki zan je gidan wani in ce ya matsa, in ni na ƙi matsawa?" Ya auna kamu biyar a cikin gonarsa, ya yi ta jigilar marmara daga tudu a kwando, sawu bayan sawu, sati uku, ya dasa ciyawar jema a bakin gaɓar don ta riƙe ƙasa. A shekarar tuwon masara suka ci da sallah, kuma Kulu ba ta daina faɗa masa ba har yau.

'Yan shekarun nan har 'yan birni sun gano hanyar. Okwudili, mai sayar da kayan babur a Funtua, haifaffen garin, yakan zo da abokansa ranar Asabar a kan kekunansu masu kaurin taya, da hulunan kwano, suna motsa jini. Ya ba ni labarin ranar da suka tarar da wani dattijo yana cike rami a kurmi, ya tambaye shi ko ƙaramar hukuma ce ta turo shi. Dattijon ya ce a'a. "To Baba, wa ke da hanyar?" Ya ce, "Kai da ke kanta."

Baba Mudi, kai ne ka san kowane lungu na hanyar nan kamar tafin hannunka. Kai ne ka haƙa 'yan magudanai a jikin tudu don ruwa ya bi gefe. Kai ne ka hana a sare ɗorawar kurmi, ka je har gaban mai unguwa sau uku a kanta. Mun yi shekaru muna wucewa muna kaɗa maka ƙararrawa, ba mu taɓa sauka mun karɓi shebur ɗin ba. Gagara gajiya, mijin Kulu, muna alfahari da kai, kuma mun makara wajen faɗa.

Bana gwiwa ta kayar da shi. Likita ya ce keke da diga sun ƙare. Ruwa ya sauka, aka fara huɗa, yana kwance yana jin masu shanu na wucewa da garma, abinci ya ƙi shiga. Ba gwiwar ke damunsa ba. Ya tabbata a ransa cewa damina ɗaya ba gora ta isa a cinye aikin shekara talatin, kuma ya san daga gindin tudu za a fara.

Da shuka ta kai ƙugu ya kasa haƙuri. Ya roƙi Malam Awaisu, shugaban firamaren ƙauyen, ya goya shi a keke. Ya zauna a kariya, gorar na gitte a cinyarsa. Suka wuce gona ta farko, ba ta taɓa ba. Ta biyu ma haka. Da suka doso gindin tudu ya ce, "Malam, sassauta." Ya riƙe gorar da hannu biyu. Ta wuce gonar Ɗanasabe ba ta taɓa ko ganye ɗaya ba, har da ragowar fili.

Ɗanasabe na tsaye da fartanya a kafaɗa. Baba Mudi ya dube shi ya ce, "Lafiyarka kuwa?"

"Lafiya lau. Da can ina turawa ne don na san akwai mai zuwa ya gyara. Bana na kai bakin hanya da garma, na tuna ba mai zuwa, wallahi hannuna ya ƙi." Ya kau da kai. "Ba ni gorar nan, gurgu. Gonar Murtala can gaba ta ɗan shigo hanya."

Malam Awaisu ya ce ya ji keken na rawa a bayansa, bai waiwaya ba. Baba Mudi ya miƙa wa Ɗanasabe gorar.

Mun gode, Baba Mudi. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kowace taya da ta bi ta nan ta zame maka lada. Mu kuma da muka rage, kowane ƙauye yana da irin wannan 'yar hanya, kuma ba kowanne ke da Mudi ba. In ka kai bakinta da garma baɗi, ɗaga hannunka, ka bar wa dami wurin wucewa.