Koriyar Fitilar Garin Kaka

Shekarun baya, lokacin ina ajin farko a kwaleji a Madarumfa, aikin mahaifina shi ne zagayen layin kuran, wato wutar lantarki. Yakan hau moto ya bi ƙauyuka yana duba taransifoma, ya saurari ƙararta, ya ga ko mai na ɗiga. Ɗaya daga cikinsu tana bakin garin kakata, kusa da garin Sarkin Yamma.

Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi. In ya kira waya, sai ta miƙa wa wani ta ce, "Ku ce mai muna lahiya." Amma duk ranar zagayensa da wuri take dama fura. Ya sha a zaure, ita kuma ta yi ta kai da komo a tsakar gida kamar tana neman wani abu. Ni na lura ba ta neman komai.

Sai kamfani ya kafa wani ƙaramin akwati a jikin kowace taransifoma, mai aika labari biro, wato ofis, da kansa. Aka mai da Baba Maraɗi, gaban allon kwamfuta. Kowane gari ɗigo ne: kore lafiya, ja matsala. Ba a fita sai ɗigo ya yi ja.

Da hutu ya zo aka kai ni wurin Kaka. Kullum in mun dawo daga rijiya sai ta rage sauri a gindin akwatin, ta dubi 'yar fitilarsa. Wata rana ta ce, "Ke sarkin shiru, abin ga shi ka gaya ma wancan komi?"

Na ce, "Labarin wuta kawai, Kaka."

Ta gyara tulunta. "To shi ba ya lalacewa ne?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. A lokacin tari ya fara kama ta, zanenta ma sai ta ƙara naɗe shi kafin ya zauna.

Da na koma gida, na daɗe ina juya maganar, don ni ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Daga ƙarshe na faɗa wa Baba. Ya ce, "Kullum sai na dubi garinsu kafin na kowa. Bari a gama damina, hanya ta gyaru, mu je tare."

Ba a gama daminar ba. Ranar da aka kira shi, kafin motonsa ya fita daga laka an riga an kai ta makwancinta.

Bayan sadakar bakwai ya tafi da ni biro, wai kada in zauna ina kuka. Na tsaya bayan kujerarsa. Ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo. Kore ne shar.

Ba na jin haushin akwatin. Ya hutar da mutane, wuta ma ta daina daɗewa a ɗauke. Abin da aka tambaye shi yake faɗa, Kaka kuwa ba ta taɓa faɗin abin da take so ba. Har yanzu in mun je garin, Baba yakan kashe moto a gindin taransifomar, ya saurara kaɗan, alhali ya san ba abin da ya same ta.