Robobin Motar Baba

Motar Baba ta daɗe a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu a Tarauni, kuma duk gidan babu mai fatan ta tashi. Ba mutuwa ta yi ba. Duk safiyar Asabar Baba yakan fito ya tayar da ita, ya karkata kai yana sauraron injin kamar mai karɓar hadda, sannan ya kashe ya koma ciki. Roba ce ta zaunar da ita. Bambar gaba da ta baya, da dogayen robobin da suka bi jikin ƙofofi, da murafen madubi, duk rana ta shanye baƙinsu, sun koɗe sun koma launin tokar murhu. Baba kuwa babban ma'aikaci ne kafin ya yi ritaya, irin waɗanda ke goge takalmi kafin su fita sayen gawayi. Ya ce shi ba zai hau titi da mota mai furfura ba.

Mu muka riƙa gode wa rana a ɓoye. Dalili kuwa, likita ya riga ya gaya mana, ni da Hajiya mahaifiyata, cewa hawan jinin ido ya cinye wa Baba ganinsa na gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Abin da ke gabansa kai tsaye yana gani, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Hagu da dama kuwa sai dai labari. Likitan ya ce kada ya sake tuƙi. A gaban Baba aka faɗa. Da muka fito, abin da kawai ya ce shi ne likitan yaro ne, kuma bai iya gaisuwa ba. Daga nan maganar ta mutu, domin a gidanmu ɗa ba ya duban mahaifinsa ya ce masa ba ka gani. Ni malamin makaranta ne, gyara wa mutane kuskure shi ne abincina, amma jan birona bai taɓa wuce zauren gidanmu ba.

Wata safiya bayan ɗaukewar damina ya kira ni tsakar gida ya miƙo mini makulli.

"Malam," in ji shi, don haka yake kirana idan zai ba ni aikin da ba a musu, "a mayar wa motar nan da baƙinta. Na gaji da cunkoson adaidaita."

Hajiya tana tankaɗe a bakin kicin. Rariyar ta tsaya a hannunta, ba ta ɗago ba.

Na fara da hanyar da na san ba za ta yi ba. Na kai ta wurin masu wankin mota, suka shafe robobin da baƙin mai, motar ta fito tana sheƙi kamar goshin ango. Baba ya goga yatsa, ya shinshina, ya tambaye ni ko miya na sa aka zuba mata. Kafin mako ya zagayo tokar ta dawo. Ya ce in daina wasa, in kai ta wurin masu abin.

Masu abin suna Gyadi-Gyadi, a wani gareji bayan babban titi, inda wani dattijo mai fanal bita yake aiki a ƙarƙashin rumfar kwano. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa nan, ya danna can. Ya ce robobin kashi biyu ne. Waɗanda suka koɗe kawai, wuta za ta dawo da su. Waɗanda suka tsattsage kuwa, da murafen madubi, sai an canja. Na tsaya na kalli yadda ake yi. Ya kunna wutar gas, ya rage ta har ta zama siririn harshe shuɗi, ya riƙa bi da ita saman bambar a hankali, ba ya bari ta tsaya wuri ɗaya. Duk inda ta wuce sai baƙi ya taso daga cikin robar kamar gumi. Da motar wani ce da na yaba. Ni dai ji na yi kamar shingen gidanmu ake ƙonawa ina kallo.

Na roƙe shi ya bi aikin a sannu, babu gaggawa. Ya kashe wutar ya dube ni. Ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa ganin wanda ya zo neman a ɓata masa lokaci ba, ko dai motar ta kishiyar babata ce? Na yi dariyar dole. Ya ce to, ai sauran aikin ba a hannunsa yake ba, sai an samo kayan canji, kuma motar ta tsufa, samun nata sai an tona.

A nan na sa raina. Mai kawo masa kaya wani ɗan Ibo ne haifaffen Kano, mai Hausar da ta fi ta rabin ɗalibaina. Na ce masa ba na son sabuwar roba ta kamfanin bayan gida, sai ta asali, wadda aka ciro daga mota irinta, shekararta ɗaya da ita. Na ɗauka na ba shi aikin shekara. Ya ce in kwantar da hankalina. A garin da tela ke yi maka alkawarin ƙaramar Salla ya cika a babba, sai ga ni na faɗa hannun mutum biyu masu cika alkawari. Kullum na tashi daga makaranta na biya ta garejin, sai in tarar an ƙara wani abu: yau murfin madubi, gobe robar ƙofar direba, an maƙala ta da sababbin 'yan maƙalai, ta zauna daram. Hajiya ta daina tambayata yaya aiki, sai dai ta kalli fuskata in na shigo.

Abu ɗaya ya gagara, doguwar robar ƙofar baya ta dama. An ɓalle tsohuwar, ta karye a hannu, kuma ba a sami madadinta ba. Wurinta ya zauna tsirara, da jerin 'yan huji a jikin ƙarfen kamar giɓi. Na ce a ba ni motar haka. Na san Baba. Mutumin da ya taɓa mayar da takarda saboda waƙafi ba zai karɓi mota mai giɓi ba.

Na ajiye ta a ƙarƙashin darbejiya da hantsi, haske ko'ina. Baba ya fito da hannuwa a baya. Ya tsaya gaban bambar ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai. Ya bi ta hagu a hankali, ya zagaya baya, ya biyo ta dama. Ya wuce ƙofar nan har gefen babbar rigarsa yana shafar hujin. Ya dawo inda nake.

"Komai ya cika," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Ban taɓa jin albarkar da ta tsorata ni kamar wannan ba. Ina iya nuna masa giɓin, amma nuna masa daidai yake da faɗa masa dalilin da ya sa bai gani ba. Na amsa da amin.

Ranar Lahadi bayan la'asar ya ce za shi Gyadi-Gyadi gaida yayarsa. Hajiya ta ce a bari a yi wa motar sadaka tukuna. Ya ce ya yi tun jiya. Na ce ni ma na kwana biyu ban gaida Gwaggo ba, ya ce in shigo. Na zauna a gefensa, na ajiye hannuna na hagu kusa da birkin hannu kamar wanda bai san inda zai sa shi ba.

Tuƙinsa bai tsufa ba, wannan ne abin tsoron. Ya canja giya ba ƙara, ya haye kwalbatin bakin layi a tsanake. Da muka hau babban titi, adaidaita suka rufe mu hagu da dama, sai na zama mai surutu. Na ce masa ya ga yadda mai adaidaitar nan na dama yake matso mu, mutane ba su da tarbiyya. Na ce wannan mai babur na hagu ko ina yake sauri. Duk wanda na ambata sai ya ce ya gan shi. Amma sai na faɗa sannan yake juya kansa gaba ɗaya, kuma duk sanda ya juya dama, hagu ta zama ba mai tsaro. Wani ya danna mana hon mai tsawo, Baba ya ce 'yan zamani ba su da haƙuri.

Mun kusa. Ya sa sigina zai karya cikin layin Gwaggo, sai ga ɗan garuwa ya turo kurarsa cike da jarkoki daga dama, ya riga ya shigo tsakiyar hanya. Bakina bai sami lokacin ƙirƙiro hira ba. Ƙafar Baba tana kan totur. Na fizgi birkin hannu da ƙarfina duka.

Motar ta yi ƙara ta mutu. Bambar nan da aka gasa ta tsaya tana taɓa tayar kurar. Jarka ɗaya ta faɗo, ruwa ya malala ƙarƙashinmu. Ɗan garuwan, wani magidanci mai zanen fuska, ya dafe ƙirji. Ya leƙo ya ga furfura, sai ya haɗiye abin da ya yi niyyar faɗa, ya ce kawai, "Alhaji, a riƙa dubawa."

Baba ya ci gaba da kallon gabansa. Hannuwansa biyu suna kan sitiyari. Ya juyo da kansa a hankali har bututun ganin nan nasa ya sauka a kan mutumin, sannan a kan hannuna da ke riƙe da birkin. Na jira faɗa. Maimakon haka ya buɗe ƙofa, ya ce in zagayo in ja, shi ƙafarsa ce ta riƙe.

Ba mu shiga gidan Gwaggo ba. Na juya da mu Tarauni. Na ajiye motar, na kashe, na zagaya na buɗe masa. Ya miƙo hannu, na kama zan taimaka masa ya fito. Ya janye, ya sake miƙowa, tafin a buɗe. Na sa masa makullin a ciki. Ya jefa shi aljihun gaba, ya dafa.

"Gobe kana da makaranta, ko?"

"Ina da ita, Baba," na ce, ina tuna cewa gobe babu wanda zai zauna kusa da birkin hannu.

"To," ya ce. "Allah ya kai mu."