Taskirar Iya a Cikin Rumbu

Ranar Talata ce, sati biyu bayan ƙaramar salla, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. Tun kafin rana ta ɗaga, Iya, kakata ta wajen uba, ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini taskirar da take ajiye kayanta na kaɗin zare: mazarai uku, da dunƙulen allin da take shafa wa yatsu, da guntuwar fatar da take murza mazari a kai, da auduga shiɓaɓɓiya fara sol. Ta ce in hau rumbun dawa in tura ta can ƙasa in rufe da buhu, kada baƙi su gani. Na taka turmin da aka kife na leƙa ciki, ƙaiƙayi ya cika mini wuya, na yi yadda ta ce. Ina saukowa ta sa ni sake sharar tsakar gida, har da tsince 'yan guntayen audugar da suka maƙale a jikin danga. Baƙin da ake jira mutanen wata gidauniya ne masu tallafa wa masu sana'ar gargajiya. An ce wadda suka zaɓa za su gina mata rumfa, su ɗauki nauyinta shekara biyu, ta zauna ta koyar da 'yan mata sana'arta. Iya ta riga ta ce ni ce ta farko a rumfar. Da murnata na ɓoye taskirar nan.

Ƙauyenmu yana kudancin Katsina, kuma a lokacin Babanmu yana noman auduga a gonar bayan rafi. Idan kaka ta yi, mu yara muke cira. A ɗaura mana tsohon zane a ƙugu kamar jaka, mu bi kunya-kunya, ɓawon yana sokar mana yatsu, mu dawo kanmu fari kamar tsofaffi. Mai kyau ake ware wa Iya, sauran a kai kasuwa. Aikina a wajenta gurza ne: in durƙusa gaban wani faffaɗan dutse, in ɗora auduga in murza da magurji har gurya ta fita gefe guda. Idan na danne da ƙarfi na fasa gurya, man ya ɓata audugar, sai ta ce, "Kai, wannan hannu na daka ne, Allah ya ba ki miji mai son tuwo." Ita kuwa idan ta zauna gindin darbejiya ta miƙe ƙafa, ta laƙaci alli ta murza mazari, sai ka ga zare yana fitowa daga audugar kamar dama can yana ciki ana kiransa. Tana hira, tana korar kaji da ƙafa, ba ta ko kallon hannunta. Da zaren nan take saƙa gwado a masaƙarta da ke jingine da bango, mai kauri, mai kalar ƙasa, wanda duk gidan da shi muke rufa.

Na roƙe ta ta ba ni mazari ba sau ɗaya ba. Takan ce sai na iya shiɓa tukuna, wato buɗa auduga da ɗan baka har ta yi laushi, kuma kaɗi yana son zama, ba a koyonsa a tsaye. Zaman ne babu. Da safe ɗiban ruwa a rijiyar masallaci, sai makaranta, inda muke zama a ƙasa saboda bencina sun karye, idan aka fita tara mu yi carafke da duwatsun da muke ɓoyewa a ramin bishiya don kada 'yan aji biyar su kwashe. Ina dawowa farantin ƙuli-ƙulin mahaifiyata yana jirana, in zaga unguwa har la'asar, sannan surfe da wanke-wanke. Gwadon Iya ya daina fita a kasuwa tun da barguna masu zanen damisa suka shigo, don haka babu wanda zai ɗauke yarinya daga talla ya zaunar da ita gaban auduga. Rumfar nan ce kaɗai za ta sa a ce, a bar Binta, tana koyon abu.

Kawu Sale, ƙanen Babanmu da ke aikin masinja a ƙaramar hukuma, shi ya kawo labarin zuwansu. Ya ce manyan mutane ne, har da Baturiya, a fito da aiki mai kyau wanda ba za a ji kunya ba. To mu a wajenmu, ba a tarar baƙo da abin yau da kullum. Kaza ake yanka masa ko da mutan gida kuka za su sha, a sauko da kwanon jere, a shimfiɗa tabarmar da ba a taɓa takawa ba. Iya ta dubi gwadonta, abin rufar talaka, ta ga ba abin nuna wa baƙo ba ne. Sai ta sayar da ɗan bunsurunta, ta aika aka sayo mata zaren kanti mai ƙyalli, ja da kore da ruwan gwal. Kwana goma sha biyu ta yi a gaban masaƙa. Zaren yana da santsi, yana zame mata, tana tsaki tana gyarawa. Da ta gama, matan unguwa suka yi ta shigowa kallo suna tafa hannu, ni kuwa na tabbata duk duniya babu zane irinsa.

Bayan azahar motarsu ta tsaya ƙofar gida. Su uku suka shigo: Baturiya mai ɗan littafi a hannu, da wani mai ɗaukar hoto, da wata Hajiya 'yar Kano mai gilashi, ita ce mai magana. Aka gaisa, aka kawo fura a sabuwar ƙwarya. Iya ta warware zanen a kan tabarma, rana ta haska shi. Hajiyar ta shafa, ta juya bayansa, ta yaba yadda bakinsa ya miƙe. Sannan ta ce, "Iya, zaren fa, ke kike kaɗa abinki?" Iya ta gyara lulluɓi ta ce, "A'a 'yar nan, wannan ai aikin da ne, mun bari tuni. Yanzu sai na kanti." Ta faɗi haka ne don kada a ce mu 'yan ƙauye ne da ba su waye ba. Hajiyar ta juya ta yi magana da Baturiya, sannan ta ce, a hankali, "Ayya. Mu kuwa masu kaɗin muke nema, don su ne suke ƙarewa. Ko tsohon mazari ba ki ajiye ba?"

Ina tsugune bayan turmi, rumbun yana bayana, taku huɗu. Na buɗe baki. Iya ta ɗago ido ta dube ni, kallo ɗaya, na haɗiye maganar. Tsohuwa ba ta ƙaryata kanta a gaban baƙi, kuma yarinya ba ta gyara wa kakarta zance a gaban mutane. Iya ta ce babu. Kawu Sale yana tsaye a bakin zaure yana kallon ƙasa. Suka ɗauki hoton zanen don kada a ji babu daɗi, suka yi godiya, aka ba su ƙwai a kwano suka tafi. Da yamma Iya ta ce in hau in ɗauko mata taskirarta. Ta karɓa ta kakkaɓe ƙaiƙayin, sannan ta ce, "Yau tuwon ya yi gishiri," alhali ba a sa wa tuwo gishiri. Daga baya muka ji an gina rumfar a wani gari can gaba.

Abin da ya biyo baya bai zo da hayaniya ba. Bayan damina biyu Baba ya mayar da gonar rafi ta masara. Na bar makaranta a aji biyar. Iya takan kaɗa ɗan abin da aka kawo mata tsaraba, sannan a hankali ta bari da gaske. Shiɓar ma ban gama iyawa ba.

Yanzu ina Dubai, a unguwar Warsan, a bene hawa na huɗu. Maigidana yana aiki a wani sito a Jebel Ali, tun da asuba motar kamfani take ɗaukarsu, ni da 'yata Amira mai shekara uku mu wuni a ɗaki ɗaya da falo. Ni mai yawan tunani ce. Idan ta yi tari in kasa cin abinci, idan ta amsa mini da Turancin da take ji a waya sai gabana ya faɗi. Da sanyi ya shigo bara, maƙwabciyata Rakiya, 'yar Maraɗi mai saye da aika kaya gida, ta ce, "Yalla, tashi mu fita Maman Amira, kin zama kujera a ɗakin nan," ta ja mu wani wajen baje kolin kayan gargajiya. A can na ga tsofaffin matan Larabawa zaune a kan darduma, fuska a rufe, suna kaɗa gashin tumaki da mazarinsu, 'yan mata sanye da kayan makaranta sun kewaye su. Ba su ɓoye komai ba. Gashin nan da datti-dattinsa yana cikin kwando a gaban kowa, mutane na layi don su taɓa. Na tsaya har Amira ta gaji ta fara jan mayafina. A mota na ba Rakiya labarin taskira, abin da ban taɓa faɗa wa ko maigidana ba.

Rakiya ta yi boko, kuma ba ta barin magana ta kwana. Bayan 'yan kwanaki ta shigo da wayarta ta nuna mini sanarwar wata gidauniya da ke tallafa wa masu sana'ar gado daga kowace ƙasa. Abu biyu suke so: bidiyon mai sana'ar tana aiki daga auduga har zare, da sunan wadda za ta koya. Ta ce ita za ta cike takardun. Na ce a sa sunana, in ya so in roƙi maigida in je gida wata uku. Iya tana nan da ranta. Na kira ƙanwata Ladi na ce ta nemo taskira. Gara ta cinye ta, amma an samu mazari ɗaya a ƙasan akwati. Auduga ce babu a duk ƙauyen. Ladi ta farke tsohon matashin kai ta kai mata, Iya ta murza a yatsu ta ce, "Ke, wannan rimi ne, ko shi ba ku sani ba?" Sai da aka yi sati kafin wani ya samo ta gaske a kasuwar wani gari.

Bidiyon yana cikin wayata. Iya ta sa a zaunar da ita inda darbejiyar take a da, ta ƙi a ɗauka sai ta canza ɗankwali. Ta murza mazari, ya juya, zare ya fito kamar tsawon hannu, ya tsinke. Ta haɗa da yawu ta sake. Ya tsinke. Hannun dama yana rawa, idon kuma ba ya ganin siririn abu. Sau bakwai na ƙirga. A ƙarshe ta ajiye a cinyarta ta kalli wayar ta ce, "Binta, yatsun sun ƙi. Ai kin sha ganin yadda nake yi, ki yi musu." Ana jin Ladi tana dariya a baya, don ba ta san abin da take ɗauka ba. Na sha gani kam. Idona ya sani sarai, hannuna ne bai sani ba. Rakiya ta kalla sau biyu ta ce ko mu aika a haka, wataƙila su ji tausayi. Na ce me za su gina wa rumfa? Ranar rufewa ta zo ta wuce ba mu aika ba.

A da audugar tana gonar bayan rafi, mai iyawa tana tsakar gida, lokacin zama ne ya gagara. Yanzu zama ne aikina, daga safe har yamma a ɗaki mai sanyi, babu talla, babu rijiya, ruwa yana zuwa da kansa. Amira takan hau cinyata ta buɗe tafin hannuna tana wasa da yatsuna ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman abin da aka ajiye mata a ciki. Ni a shekarunta, cinyar da nake hawa cike take da auduga, warin alli da man gurya yana tashi daga zanen. Nakan bar mata hannun ta bincika har ta gaji. Gurza kaɗai ke cikinsa.