Auta da Bututun Gawayi

Auta, 'yata ta ƙarshe, aikinta lissafin abin da ido ba ya gani. Tun tana ƙarama ba mai surutu ba ce. In rediyo ya lalace sai ta kwance shi, ta jera kusoshin a faranti. Ni gyaran takalma na yi har idona ya gaji, karatuna bai wuce haɗa baƙi ba.

Na taɓa raka ta ofis. Ɗaki ne ba taga, fanka ɗaya, kujera mai ɗingishi. A fuskar kwamfutarta wasu 'yan sanduna na ta yawo kamar karmami a ruwa.

"Baba, bututu ne na sinadarin gawayi, silin gashi ma ƙato ne a kansu. Ina lissafa yadda suke juyawa in an sa musu ƙarfin lantarki."

Ta danna wani abu. Duk suka miƙe, suka fuskanci gefe guda.

"Sun fi yayyenki jin magana," na ce. Ta yi dariya.

A kan wannan lissafi za a sabunta mata aiki ko a sallame ta, kuma shekaru ta yi a kansa. Sai abokin aikinta mai gwaji da bututun gaske, wanda take kira Dogo, ya kawo hotuna. Na gasken ba su jeru ba, sun cukurkuɗe. Ita a kwamfuta ta yi su miƙaƙƙu kamar allura don lissafin ya yi sauri, su kuwa lanƙwasa suke, suna manne wa juna.

Dogo ya ce mata, "Malama, ki ja bakinki mana. Wa zai duba? Shugaba zanenki kawai yake kallo, ya gyaɗa kai."

A tsakar gida ta ba ni labarin, murya ba hawa ba sauka. Ta ce, "Baba, ya ka gani?" Na ce ban san bututu ba.

Washegari ta gaya wa shugaban sashen gaskiya. Ya gode mata, ya ce ta kyauta. Ba a sabunta aikin ba.

Da rana tsaka ta dawo da kwali, ciki kofi da caja da takalmin ofis. Uwarta ta fashe da kuka, ita ko gezau. Yanzu tana koyar da lissafi a makarantar bayan layinmu. Ta fita da safe, ta dawo da yamma, ta ci abinci, ta wanke kwanonta. Na tambaye ta ko tana kewar wancan aikin.

"Ban sani ba, Baba," ta ce, ta miƙo mini maganina.