Mai Atamfar Na'ibi

Duk unguwarmu Ammariyya ta Jidda babu wanda bai san Na'ibi ba, ko don ƙarnin teku da ke riga shi shiga masallaci. Shekara talatin yana nutso a tekun Ubhur, yana kankare gindin jiragen ruwan kafilinsa Meshari, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama. A Jidda aka haife shi. Kakansa ne ya tako hajji a ƙafa daga Haɗeja, ya manta hanyar komawa.

Ba shi da hira, sai an taɓo wata 'yar halitta da yake gani a ƙarƙashin ruwa: dodon koɗi ne marar ɓawo, bai kai yatsa ba, da ratsin baƙi da shuɗi da fari, gefensa ruwan lemo. A duwatsun murjani yake zama, ba ya cin komai sai wani jan soso da ke tsirowa a wurin. Maƙwabta muka raɗa wa abin Mai Atamfa don tsokana. Ya ƙi yin fushi, ya karɓi sunan.

Bara Meshari ya rasu, magada suka sayar da jiragen. Iƙama, takardar izinin zamansa, saura wata biyu ta ƙare, kuma wa zai ɗauki tsoho mai jin magana da kunne ɗaya? Ba makawa sai Haɗeja, garin da bai taɓa gani ba.

A nutsonsa na ƙarshe ya taho da Mai Atamfa a kwalba, da guntun sosonta. Ya ƙudura a ransa: in ta yi sati a raye nesa da dutsenta, shi ma zai iya zaman can. Kullum da safe sai ya hau mota ya ɗebo mata ruwan teku a jarka.

Ran na huɗu launinta ya dushe, ta nannaɗe. Matarsa Hikima ce kaɗai a gida. Ta yi abin da take yi wa duk marar lafiya tun daga 'yarsu Dalal har magen gidan: ta yi bismilla, ta tsiyaye ruwan kwalbar, ta cika da zamzam.

Ya dawo da jarkarsa ya tarar abin ya mutu, ya kumbura, atamfar ta zuba.

"Abu Dalal, wallahi sauƙi na nema mata. Har addu'a na tofa."

"Ruwan daɗi ba nata ba ne," ya ce, a hankali.

"Zamzam ne fa."

Ya ajiye jarkar, ya ɗauki kwalbar. Ya dubi matar.

"Halas, ya wuce, Ummu Dalal. Ba ke ba ce. Ni na ɗauke ta."

Da la'asar ya mayar da ita Ubhur, a hanyar dawowa ya sayo akwati biyu. Ranar tafiya ya miƙo mini gilashin nutsonsa, ni da ko baho ke ba ni tsoro. Na buɗe baki in tsokane shi, sai kawai na karɓa da hannu biyu.