Ranar da Na Zauna Cikin Ciyawar Gulbi

Shekarar da ta bi bayan annobar shanu, wadda ta bar garake wayam daga Tasawa har Mayahi, na yi wani abu da har na shiga kabari ba zai fita raina ba.

Damina ta ɗauke tun gero bai cika ido ba. Gawo ya yi ganye da wuri, tsofaffi suka dube shi suka ce ruwan bana ya ƙare, na baɗi kuma sai Allah. Dajin kiwo duk ya zama rairayi, sai wata 'yar fadama a Gulbin Kaba ta rage da ciyawa. Ni kuwa karsana ɗaya annoba ta bar mini, kuma da wannan ciyawa nake fatan ta ga bazara.

To, al'adarmu ce bayan girbi samari su cinna wa daji wuta su yi farautar zomo da gafiya. Yayana shi ne shugabansu. Na roƙe shi a gida kada su ƙona fadamar, ya yi dariya. Da safe na riga su zuwa, na shimfiɗa buzuna a tsakiyar ciyawar, na zauna ina jan carbi.

Yayana ya iso da bakin wuta a hannu. "Malam, tashi. Yara na jin yunwar nama."

"Yaya, naman yini guda ne. Dabbobin gari mi za su ci har ruwa ya sauka?"

"Kakanninmu sun ƙona."

"Sun ƙona a shekarar ƙoshi. In za ka ƙona yau, haɗa da ɗan uwarka."

Samari suka yi ta ihu, wani ya ce a gasa malam a ga ko yana da kitse. Yayana ya tsinka mini mari. Ban motsa ba. Ya daɗe tsaye, sannan ya turbuɗe wutar cikin yashi ya juya.

Duk rani bai yi mini magana ba. Muka riƙa yankan ciyawar kaɗan-kaɗan, karsanata ta rame amma ta rayu, haka awakinsa. Ranar ruwan shuka yayana ya shigo da ƙwaryar nono ya dire gabana.

"Sha, mai taurin kai. Ka kunyata ni, na mare ka. Ba mai bin wani."

Na sha. Tun ran nan na san al'ada baiwar mutane ce, ba uwargijiyarsu ba. Ran da za ta cinye abincin gobe, sai a samu mai zama a gabanta.