Agogon Ɗanjuma Ya Ƙwace Mini Aboki

Muna cikin gudu a titin Samaru bayan sallar asuba, na ce wa abokina Ɗanjuma mu ɗan sassauta, numfashina ya fara sarƙewa. Ko kallona bai yi ba. Ya duba agogon hannunsa ya ce, "Bai yi ƙara ba tukuna, saura minti huɗu."

Shekara shida muna wannan gudun tare, ni ke cewa a tashi, ni ke cewa a tsaya. Tunda ƙaninsa ya aiko masa da agogon nan mai auna bugun zuciya, na koma ɗan rakiya.

Abin haushin ma, shi ba shi da kwamfuta. Shagona na Sabon Gari yake kawo agogon duk Lahadi, in jona shi da tawa, in loda masa jadawalin atisayen mako da hannuna.

Lahadin nan da ya fita amsa waya, sai na goge gudun Asabar, na sa tafiya a hankali ta minti arba'in, daidai zuwa wajen mai ƙosan unguwar Hanwa.

Ran Asabar muna tafe muna hira kamar da, sai ya ce, "Mutumina, agogon nan ya fi kowa sanin jikina. Ka ga shi kaɗai ya gane na gaji."

Wallahi ƙosan nan ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Ni na yi aikin, agogo ya kwashe yabon.

Jama'a, in faɗa masa gaskiya ne, ko in goge na Laraba ma?